Daga Jamus zuwa Tasawa: yadda ƴan siyasa suka fara neman ƙuri'ar mata

A ranar 19 ga watan Janairun 1919 ne matan Jamus suka kaɗa ƙuri'a karo na farko a zaɓen ƙasa baki ɗaya, wata biyu kacal bayan an ba su wannan ƴanci. Har jam'iyyun da a baya suka ƙi amincewa da zaɓen mata sun cika bango da hotunan talla, kuma akasari da sunan uwa suke kiran mace: ta yi zaɓe domin ƴaƴanta, domin abincin gidanta, domin addininta.

A Nijar ma ta ƙofar uwa aka fara. Wata dokar Faransa ta shekarar 1951 ta bai wa mace mai ƴaƴa biyu damar yin zaɓe a ƙasashen da Faransa ke yi wa mulkin mallaka. Wadda ba ta haihu ba, ko mai ɗa guda, sai ta jira dokar 23 ga watan Yunin 1956, wadda ta buɗe zaɓe ga kowane baligi, mace da namiji.

Matsalar jam'iyyun RDA ta Diori Hamani da Sawaba ta Djibo Bakary ita ce yadda za su kai ga matan. Takarda ba ta da amfani inda kaɗan ne suka shiga lakwal, kuma matar aure ba ta tsayawa dandali cikin maza. Shi ya sa a ƙasar Maraɗi suka bi ta hannun magajiya, shugabar mata masu zaman kansu, waɗanda ke da sukunin fita taro, su yi guɗa, su dafa wa baƙi abinci, su kai saƙo cikin gidaje. Alama ta maye gurbin rubutu: giwa ta RDA, raƙumi na Sawaba. Dabarar ta yi aiki, amma ta bar tabo, domin an daɗe ana kallon macen da ta shiga siyasa da wani ido.

Tasawa tana da nata labarin. A zaɓen majalisa na watan Disambar 1958, Sawaba ta yi nasara a mazaɓun Tasawa da Damagaram, amma aka soke sakamakon, aka miƙa kujerun Tasawa ga ƙawancen da RDA ke jagoranta. Matan da suka yi layi a ranar, shekara biyu da samun ƴancin zaɓe, sun ga ƙuri'arsu ta tashi a banza. A 1959 aka haramta Sawaba, ƙasa ta koma hannun jam'iyya guda.

Sai ranar 13 ga watan Mayun 1991 mata suka yi tattaki a Yamai suna neman kujeru a kwamitin shirya babban taron ƙasa, ranar da ta zama ranar matan Nijar. Dokar kaso ta 2000 ta tanadi kashi 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. A watan Maris na 2025 hukumomin soja sun rusa dukkan jam'iyyun siyasa, don haka babu jerin ƴan takarar da za a yi wa wannan lissafi a yanzu.