Motar Kai Kaya: Abin Da Yake Tsofar Da Ita

A kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega da Yawuri, akwai wata irin mota da ba a rasa gani. Gindinta ya kusa taɓa ƙasa, murfin bayanta a buɗe an ɗaure shi da igiya, kaya sun leƙo waje. Mutane suna ce da ita Sharon. Wata fasinja take ɗauka, amma da yawa an cire musu kujerun baya sun zama motocin kai kaya: burodi, ruwan leda, katan-katan na sabulu da taliya, albasar Aliero, ko hatsi daga ƙauyukan Kebbe. Magidanta da dama sukan yi tunanin zuba kuɗin sallamarsu daga aiki, ko abin da suka tara shekara da shekaru, su sayi irinta domin ta riƙa kawo na cefane. Kafin a yi haka ya kamata a san abin da yake tsofar da ita.

Sunanta na ainihi Volkswagen Sharan. An fara ƙera ta a 1995 a ƙasar Fotugal, a ma'aikata ɗaya da Ford Galaxy da Seat Alhambra, shi ya sa kayan gyaransu da yawa sukan shiga wa juna. An daina ƙera ta a 2022. Waɗanda suka zana ta iyali suke nufi da ita, watau uba da uwa da yara da jakunkunansu, mutum bakwai a kan hanya mai santsi. Ba su yi mafarkin buhun albasa ba.

Iyayenmu ba su sha wannan damuwa kamar mu ba. Tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna, ma'aikaci kuwa yakan iya sayen 504 sabuwa fil, ɗan kasuwa ya sayi a-kori-kura wadda dama domin kaya aka yi ta. Daga 1986, sa'ad da darajar naira ta soma zubewa, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, aka koma ga kwancen Turai da ake saukewa a Ikko da Kwatano. Saboda haka motar da mutumin Tambuwal yake kira sabuwa, sau da yawa ta riga ta yi shekara goma sha biyar ko ashirin tana aiki a hannun wani.

Mai saye yakan fara leƙa agogon tafiya ya ga kilomita nawa ta ci. Wannan kallon kitse ne ake yi wa rogo. Da fari dai, ana iya juya lambar baya, ana kuwa yi. Na biyu, motocin da suka fito daga Amurka, kamar Toyota Sienna, da mil suke ƙirga, ba da kilomita ba. Mil 200,000 kuwa kilomita 320,000 ne. Na uku, wanda ya fi duka, lambar ba ta faɗa maka irin tafiyar da aka yi. Kilomita dubu a kan kwalta da mota mara nauyi ba ɗaya ba ne da kilomita dubu a kan gargada da buhuna har rufi.

Bari mu yi ɗan lissafi, gama ba shi da wuya. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kimanin kilomita 100 ne. Motar da take zuwa ta dawo kowace rana, kwana shida a mako, tana cin kilomita 1,200 a mako, watau wajen 60,000 a shekara. Kewayen duniya duka kimanin kilomita 40,000 ne. Ashe motar tana zaga duniya sau ɗaya da rabi kowace shekara ba tare da ta bar hanyar Boɗinga da Shagari ba. Injin da ake kula da shi yana iya jure wannan shekaru da dama. Abin da ba ya iya jurewa shi ne ƙura, da zafi, da kayan da suka fi ƙarfinsa.

Ƙura ce babbar maƙiyiya, gama ba a ganin aikinta sai ta gama. Inji yana shaƙar iska kamar mutum, yana kuwa shaƙa da yawa. Tsakaninsa da hazon hunturu babu kome sai wata matata ta takarda da kanikawa ke kira filta. Idan ta toshe, mota takan rasa ƙarfi ta riƙa shan mai. Direba sai ya kai wa mai faci ya hura ta da iska mai ƙarfi. Sau ɗaya ko biyu a hankali ba laifi, amma takarda ce, takan yage inda ido ba ya gani. Daga ranar nan ƙura tana shiga kai tsaye, ta gauraya da baƙin mai, ta riƙa goge ringi da bangon inji kamar yadda yashi ke goge tukunya. Bayan watanni sai a ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa, ana ƙara baƙin mai kowane mako, a ce injin ya tsufa. Ba tsufa ya yi ba, yashi aka ba shi ya ci. Kuɗin filta sabuwa bai kai na rabin tankin mai ba; kuɗin sauke inji kuwa yakan cinye ribar watanni.

Haka batun juyen baƙin mai. Tazarar da aka rubuta domin hanyoyin Turai ta yi mana tsawo. A ƙasa mai ƙura da zafi irin tamu, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a juye a kowane kilomita 5,000. Bisa ga lissafinmu na ɗazu, wannan wata-wata ke nan. Mai motar da yake ƙirga sabis da bukukuwa, ɗaya kafin Kirsimeti ɗaya kafin Ista, ya san inda ya nufa.

Sa'an nan zafi. A watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40 a inuwa. Bututan ruwa na waɗannan motoci roba ne, wasu mahaɗansu kuma filastik, sun kuwa riga sun tsufa tun kafin su sauka daga jirgi. Yawancin direbobi ruwan rijiya suke zuba wa lagireto. Duk macen da ta taɓa leƙa cikin butar da ake dafa ruwa kullum ta san farin abin nan da ke manne a gindinta. Shi ne yake taruwa a cikin ƙananan hanyoyin lagireto, tare da tsatsa, har ruwa ya kasa zagayawa. Ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan yana hana tsatsa, ba ado ba ne. Akwai kuma wata al'ada da ban yarda da ita ba. Da mota ta soma zafi sai bakanike ya cire ɗan abin nan mai daidaita zafin ruwa, tamostat, ya jefar, ya ce na ƙasar sanyi ne. Allurar zafi takan sauka, mai mota ya yi murna, amma ainihin ciwon, ko toshewar lagireto ce ko fankar da ta gaji, yana nan an rufe shi da zane. Da safiyar hunturu kuma injin yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai fiye da kima. Ranar da allura ta hau ja a tsakiyar daji, direba ya ce bari in lallaɓa in kai gari, ranar ce gaskit yake ƙonewa.

Amma inda na fi so mai karatu ya tsaya ya yi tunani shi ne nauyi. A jikin kowace mota akwai ɗan ƙaramin allo, a bakin ƙofa ko kusa da inji, inda aka rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka. Na Sharon bai kai tan ɗaya ba, har da direba da yaronsa. To, jaka ɗaya ta ruwan leda mai ƙulli 20 kilo 10 ce. Jaka 100 tan ɗaya ke nan cif, kuma cikin motar da aka cire wa kujeru akwai wurin da ya fi haka. Buhun siminti kilo 50 ne. Ashirin sun isa su wuce iyaka, alhali ko rabin motar ba su cika ba. Nan ne ruɗin yake: ido yana ganin sauran wuri, amma ƙafafun motar sun riga sun ƙoshi.

Inji ba ya fara kuka da nauyi. Ƙafafu ne suke fara biya. Sifirin ɗin baya yakan kwanta, shokazoba ta zubar da manta, boris ya soma gurnani. Da yake tayoyin gaba ne suke jan Sharon, su ne kuma suke juyawa da sitiyari, idan baya ya yi nauyi gaba yakan yi sako-sako, motar ta riƙa yawo a kan hanya. Birkin da aka auna domin iyali bakwai shi ake so ya tsayar da tan biyu da rabi ko fiye sa'ad da akuya ta faɗo titi. Wasu sukan sa a ƙara wa sifirin ƙarfi domin gindin ya ɗaga. Gindin yakan ɗaga, gaskiya ne, amma birki da boris da taya suna nan yadda suke, dukan da sifirin ya ƙi sha kuwa jikin motar ne yake shan sa, har wurin da aka ɗaura ƙafa ya tsage. Murfin bayan da ake bari a buɗe shi ma yana da nasa: yana jawo ƙura da hayaƙin salansa zuwa cikin mota, inda direba yake shaƙa tun safe har yamma.

Motar burodi dabam take tsufa. Kayanta ba nauyi, tafiyarta ba nisa, amma tana tsayawa a gaban kowane mai shayi da kowane kanti. A kashe, a tayar, a taka kuloci, a buɗe ƙofa, a rufe, sau arba'in ko hamsin kafin azahar. Ita batir da kik da kuloci da maƙallan ƙofa take ci, agogon tafiyarta kuwa yana nuna lamba kaɗan kamar ba ta yi aikin kome ba.

Akwai ƙananan abubuwa biyu na roba da ba a kula da su. Ɗaya ita ce robar da ta rufe mahaɗin shaf a bayan tayar gaba. Idan ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, ba da daɗewa ba a ji ƙas-ƙas-ƙas sa'ad da ake shan kwana. Minti ɗaya ya isa a durƙusa a duba ta. Ɗayan kuma bel ɗin taimin ne, wanda yake ɓoye cikin murfi a yawancin waɗannan injuna. Ba ya ba da sanarwa. Idan ya tsinke ana cikin gudu yana iya lanƙwasa bawul-bawul na inji nan take. Wanda ya sayi kwance bai san ran da aka sa na ciki ba, saboda haka gara ya canza shi tun makon fari, ya rubuta kilomitan.

Taya ma tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lambobi huɗu: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar kwance tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robarta ta bushe. A haɗa ta da kwaltar bazara da kaya fiye da kima, sai abin da Allah ya kiyaye. Ma'aikatan hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, sun daɗe suna jan kunne a kan wannan.

Duk abin da na ambata direbobi sun san shi, wasu ma sun fi ni sani nesa. Me ya sa ba a yi? Amsar tana cikin yadda ake raba kuɗi. Mai mota yakan yanka wa direba balas, watau abin da zai kawo kowace rana, saura nasa. Direban da aka yi wa haka, kowace jaka da ya ƙara ribarsa ce, kowane boris da ya mutu kuwa asarar mai mota ce. Ba sai ya zama mugun mutum ba kafin ya loda. Da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa daga baya. Sawu biyu suka koma ɗaya, kayan sawu biyu suka hau mota ɗaya, sabis kuma aka riƙa ɗaga shi zuwa wani wata. A ganina gara a biya direba albashi, a ƙara masa wani abu a kan kowane watan da mota ta ƙare ba ta kwana a gareji ba, a kuma faɗa masa iyakar jakar da zai ɗauka a gaban shaida.

Shi ma mai motar yana da nasa ruɗin. Abin da ya rage da yamma bayan an cire kuɗin mai da na direba da na tasha, yakan ɗauka duka riba ne, ya kai gida. Amma a cikinsa akwai kuɗin taya huɗu da suke sirancewa, da kuloci, da batir, da motar da za ta gaji wannan wata rana. Gidan da ya sayi motar kai kaya ya kamata ya buɗe mata asusu nata, a zuba wani kaso kowace rana kafin a taɓa sauran. Ni da za a bi shawarata, uwargida ce za ta riƙe shi, gama mai gida yana da saurin cewa bari in ranta zuwa Jumma'a. A ajiye kuma littafin rubutu irin na 'yan makaranta a aljihun motar: kwanan wata, kilomita, abin da aka canza, nawa aka biya.

Wanda zai saya kuwa, ya tafi da bakaniken da ba shi da kamasho a cinikin. Su je da sassafe, su sa a tayar da injin yana sanyi, su dubi hayaƙin farko. Su buɗe murfin baƙin mai. In an ga abu kamar madarar da ta gauraya da ƙasa, alama ce ruwa yana shiga. Sa'an nan su kwanta su leƙa ƙarƙashi, gama a Turai ana zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, tsatsarsa kuwa takan ci ƙarfe daga ciki ko da fenti yana walƙiya a sama. Inji ana iya sauke shi a ɗora wani, giya ma haka. Idan dai wurin da ƙafafun baya suke kama jikin motar ya ruɓe ko an taɓa yi masa walda, a bar wa dillali motarsa a duba wata.