Mai Ciwon Ƙoda Ya Kula Da Lemon Kola Kafin Wake

Mutumin Salka mai cin wake, gyaɗa, nono da kifi ba ya rasa sinadarin fosfaras. Baligi na bukatar miligiram 700 a rana. Kashi 85 cikin ɗari na wanda ke jiki yana cikin ƙashi da haƙora, rarar kuwa ƙoda ke fitarwa ta fitsari.

In ƙoda ta gaza, sai ya taru a jini, ya janye kalsiyam daga ƙashi, jiki ya yi ta ƙaiƙayi, jijiyoyin jini su ƙandare.

Hanji kan tsotsi kimanin rabin fosfaras ɗin wake ne, amma na lemon kola kusan dukansa ke shiga jini. Saboda haka majinyaci ya fara barin lemon, sa'an nan ya shawarci likita a Babban Asibitin Kontagora kafin ya ƙaurace wa wake.