Kyamarar da Ake Haɗiyewa da Aman Jinin Manoman Jazira

Ƙaramin hanjin mutum ya kai kusan mita 6, kuma tiyo mai kyamara da likita ke zurawa ta baki ko ta dubura ba ya isa tsakiyarsa. Wannan ne ya sa injiniya Gavriel Iddan na Isra'ila da likita Paul Swain na Ingila suka fito da kafso mai kyamara, wanda tsawonsa bai cika santimita 3 ba, Amurka kuma ta amince da shi a 2001. Mara lafiya zai haɗiye shi da ruwa, ya yi ta ɗaukar dubban hotuna yana aika wa na'urar da aka ɗaura masa a ƙugu, har ya fita da bayan gida. Aibinsa shi ne tafiyar kara a kan ruwa yake yi, duk inda hanji ya tura shi nan ya nufa. Daga baya kamfanin Ankon na birnin Wuhan a Sin ya sa masa maganaɗisu, yadda likita zai riƙa juya shi daga waje, ya haska lungun da yake so.

To, kafin a ce a kawo wannan kafso Sudan, wane zubar jini ne ke kashe mutane a Wad Madani ta jihar Jazira da ƙauyukan Hausawa, har zuwa Mai Wurno? Tun da aka kammala madatsar Sennar a 1925, magudanan ruwan noman auduga suka zama gidan katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Manomin da ya shekara yana shiga ruwa a gonarsa, ƙwayayen tsutsar kan taru masa a hanta su ƙandarar da ita, saifa ta kumbura, jijiyoyin bututun abinci su cika, wata rana su fashe ya kama aman jini. Tiyon yau da kullum yana ganin waɗannan jijiyoyi, kuma a zama ɗaya likita yake ɗaure su da zoben roba. Kafso kuwa ido ne kawai ba hannu: ba ya tsayar da jini, ba ya yanko tsoka a kai gwaji.

Masu goyon bayansa za su ce ba ya buƙatar allurar barci, kuma ana iya tura hotunansa ta intanet ga ƙwararrun da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya kora waje. Gaskiya ne, ga wanda jininsa ke ta raguwa, an duba sama da ƙasa ba a ga komai ba, da wuya a samu abin da ya fi shi. Sai dai amfanin maganaɗisun ya fi yawa a tumbi mai faɗi, shi ya sa izinin da Amurka ta bayar a 2020 na duba tumbi ne. A ƙaramin hanji har yanzu motsin hanjin ne ke jan ragama. Kafson sau ɗaya ake amfani da shi, kuma yakan maƙale inda hanji ya tsuke, wani lokaci sai an yi tiyata.

Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin ƙasar a Disamba 2023, sojoji suka ƙwato ta a Janairu 2025, asibitocinta kuma suna farfaɗowa ne da kyar. Ana ta kai, wa yake ta kaya? A fara da wuta da ma'ajiyar jini da tiyon duba ciki, a riƙa raba maganin praziquantel a ƙauyuka, sannan a ajiye kafson a cibiya guda ƙarƙashin Jami'ar Jazira domin 'yan ƙalilan da cutarsu ta ɓuya a ƙaramin hanji.