Kwanakin Farko na Ɗan Kifi, Daga Kuje Zuwa Tsibirin Moorea

 Yau ruwa za mu shiga, mu bi ɗan kifi tun daga ranar da ya fasa ƙwai har ya ɗauki kamannin iyayensa. Duk tarwaɗar da kuka gani tana wutsil-wutsil a baho a kasuwar kifi ta Kado da ke Abuja sai da ta ratsa waɗannan kwanaki, kuma da yawa daga cikin 'yan'uwanta a nan tafiyarsu ta ƙare.

Mu fara da ɗakin ƙyanƙyasa, irin waɗanda ake samu a gonakin kifi na Kuje da Gwagwalada da Bwari. Mai kiwo yakan yi wa uwar tarwaɗa allura da yamma, sau da yawa da maganin Ovaprim, kashegari ya matse cikinta ƙwai ya zubo, ya gauraya shi da maniyyin namiji, ya shimfiɗa a kan raga a cikin ruwa. Idan ruwan da ɗumi, wajen awa 24 sai ƙwan ya fara fashewa. Idan kuwa hunturu ya kama, kamar yadda yake kamawa a Abuja a watan Disamba da Janairu, ƙyanƙyasar takan yi jinkiri, asara kuma ta yi yawa.

To abin da ke fitowa daga ƙwan nan, wanda bai sani ba ba zai ce tarwaɗa ce ba. Tsawonsa 'yan milimita ne kawai. Bakinsa bai gama buɗewa ba, gashin bakin nan da muka san tarwaɗa da shi bai tsawaita ba, ga wata jakar gwaiduwa maƙale a cikinsa. Ita ce guzurinsa, kuma ba ta wuce masa kwana 3 zuwa 4. Kafin ta ƙare dole baki ya buɗe, ido ya fara aiki, jela ta yi ƙarfin da zai bi abinci ya kama.

A nan ne gwanintar mai kiwo take bayyana. Ranar da ɗan tarwaɗa ya fara ci, tumbinsa bai gama haɗuwa ba. Sai ya yi kwanaki yana ci kafin tumbin ya soma fitar da ruwan tsamin da ke narkar da abinci mai tauri. Shi ya sa idan aka yi gaggawar watsa masa garin abincin manya, yawanci ba ya amfanarsa, sai dai ya zauna a ƙasan tanki ya ruɓe ya ɓata ruwa. Abin da cikinsa ke karɓa shi ne ƙananan halittu masu rai. Masu hali sukan sayi Artemia, ƙwan wata 'yar halittar ruwan gishiri da ake shigowa da shi a gwangwani, mai yawa daga cikinsa daga tafkin Great Salt Lake na jihar Utah a Amurka. Wasu kuma sukan zuba kashin kaji a wani tanki daban, ruwa ya yi kore, ƙananan ƙwarin ruwa su yaɗu, a tace a ba 'ya'yan kifi. Daga baya a riƙa shigar da busasshen abinci kaɗan-kaɗan. Yaye ne sosai, irin na jariri, kuma duk uwa ta san ba a yin sa rana ɗaya.

Akwai wani abu da sababbin masu kiwo ke yawan mantawa. An san tarwaɗa da taurin rai, tana iya daɗewa a wajen ruwa saboda wata gaɓa da ke cikin kanta mai shaƙar iska kai tsaye. Ɗanta ba a haife shi da wannan gaɓa ba, sai ya yi makonni kaɗan take fitowa. Kafin nan, idan wuta ta ɗauke famfo ya tsaya ruwa ya daina gudana, dare ɗaya ya isa a wayi gari tanki ya mutu. Sannan da baki ya faɗaɗa, sai wata matsalar ta taso: waɗanda suka tsere wa 'yan'uwansu girma sukan fara haɗiye ƙanana. Dole a riƙa tankaɗe su ana ware manya daban.

Yanzu mu ƙetara teku. A tsakiyar tekun Pasifik, kusa da Tahiti, akwai tsibirin Moorea, wanda duwatsun murjani suka kewaye. Kifayen da ke zaune a irin waɗannan duwatsu, yawancinsu ba a nan suke yin ƙuruciyarsu ba. Igiyar ruwa takan kwashe ƙwai ko jariran zuwa tsakiyar teku, su yi makonni suna yawo suna cin ƙananan halittun da ke shawagi a ruwa. Wani kifi da mutanen wurin ke kira manini yakan yi kusan wata 2 a wannan yawo. Jikinsa garai yake, ana hango cikinsa, abin da ke ɓoye shi daga idon masu farauta.

Sai wani dare ya bi igiya ya shigo cikin duwatsun. Daga wannan dare komai nasa ya fara sauyawa da sauri. Baƙaƙen zane su fito a jikinsa, baki ya sauya siffa, haƙoran su koma na kankare gansakuka daga kan dutse, hanji kuma ya ƙara tsawo ƙwarai, domin ganye ya fi nama wuyar narkewa. Cikin 'yan kwanaki, mai cin ƙwari ya zama mai cin gansakuka. A shekarar 2017, masu bincike da suka yi aiki a Moorea suka wallafa a mujallar eLife cewa abin da ke tafiyar da wannan sauyi shi ne sinadarin nan da ke fitowa daga maƙogwaro, wanda matsalarsa ke jawo wa ɗan Adam maƙoƙo. Suka kuma gano cewa maganin feshin gona mai suna chlorpyrifos yana dagula aikin sinadarin, har kifin ya kasa cin gansakuka yadda ya kamata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin idan babu masu cin gansakuka, ita ce ke lulluɓe murjani ta kashe shi.

Kada ku ɗauka sai a teku ake wannan abin mamaki. Karfasar da masunta ke kamawa a tafkin Jabi da madatsar Usuma, a wasu nau'o'inta uwa ce ke riƙe ƙwanta a baki har ya ƙyanƙyashe, ba ta ci a tsawon kwanakin. 'Ya'yan sukan fara da ƙananan ƙwarin ruwa, suna girma suna komawa ga gansakuka, hanjinsu yana tsawo har ya ninka jikinsu sau da dama. Giwan ruwa kuwa akasin haka take bi, daga ƙwari zuwa jatan lande zuwa kifi ɗan'uwanta. 'Ya'yan gaiwa da na yauni sukan fito da abin shaƙar iskarsu a waje, yana reto a gefen kai, sai daga baya ya ɓace. Wani masanin dabbobi ɗan Ingila, John Samuel Budgett, ya bayyana sheƙunan waɗannan kifaye a kogin Gambiya, kuma a 1903 ya samu ganin yadda ƙwan kifin gwando ke girma a yankin Neja Delta. Zazzaɓin da ya kwaso a tafiyar ne ya yi ajalinsa a farkon 1904. A yau, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa, a bakin tafkin Kainji, tana ci gaba da nazarin kifayen kogunanmu.

Abin da ke damuna shi ne inda waɗannan 'ya'yan kifi ke yin kwanakinsu na farko a daji. Da damina, idan kogi ya cika ya malala, iyaye sukan shiga fadama su yi ƙwai a cikin ciyawa, inda ruwa ba zurfi kuma abinci ya yi yawa. Nan ne kuma muke noma, nan muke feshi, wani ma a bakin rafin yake wanke tankin feshinsa. Nan ne wasu ke jan gidan sauro a madadin taru, su kwashe kifin da bai ma gama sauya kama ba. Ina roƙon sarakunan ruwa da shugabannin manoman rani na yankunan Abaji da Kwali da Gwagwalada su zauna tare kafin ruwan bana ya sauka, su tsayar da wuraren da ba za a ja raga mai ƙananan idanu ba, da kuma inda za a riƙa wanke kayan feshi nesa da rafi.