Daga Zauren Taro zuwa Zauren Mai Unguwa: Matsalar Harshe wajen Gabatar da Bincike kan Kawar da Gubar Dalma

1.0 Gabatarwa

A ranakun 9 da 10 ga watan Mayu na 2012 an yi wani taro na ƙasa da ƙasa a Abuja, wanda ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari-na-kowa, watau MSF, ta tsaya a kan shirya shi. Abin da ya tara likitoci da masana kimiyyar ƙasa da jami'an gwamnati a wurin shi ne annobar gubar dalma da ta auka wa wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, wadda aka gano a watan Maris na 2010, aka kuma ƙiyasta cewa ta kashe yara sama da 400. An sake yin irin wannan taro a 2018, bayan cutar ta ɓulla a Shikira ta Jihar Neja a 2015. Da Ingilishi aka gabatar da takardun, alhali kuwa mutanen da takardun Zamfara ke magana a kansu da Hausa suke kwana, da ita suke tashi.

Wannan maƙala za ta fara duban yadda ake gabatar da bincike irin wannan a gaban masana, sa'an nan ta dubi abin da kan sami bayanin idan ya bar zauren taro ya nufi zauren mai unguwa. A can ne ake rabuwa tsakanin aikin da ya ɗore da wanda ya lalace.

2.0 Siffar takardar da ake gabatarwa

Takardar taron kimiyya tana da tsari wanda kusan kowane mai bincike yakan bi. Tun kafin taro yakan aika da tsakure, kwamiti ya duba. Idan an karɓa, sai a ba shi abin da bai cika wuce minti goma sha biyar ko ashirin ba, ya faɗi matsalar, ya faɗi hanyar da ya bi ya auna ta, ya nuna alƙaluma ta majigi, ya faɗi abin da suke nufi, sa'an nan ya tsaya a yi masa tambayoyi. A fagen kawar da guba daga muhalli tambayoyin ba sa wuce uku: nawa aka samu kafin aiki, nawa ya rage bayan aiki, kuma mene ne shaidar cewa jikin mutane ya amfana?

Binciken Zamfara yana da amsar duk ukun. Ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tare da abokan aikinsu na Nijeriya sun bi gida gida a ƙauyuka biyu a 2010, suka tarar cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu ke nan. Daga cikin rayayyun da aka auna jininsu, kashi 97 cikin ɗari suna da dalma maikurogiram 45 ko fiye a kowane desilita na jini, wanda shi ne mizanin da ake fara ba da maganin cire ta. Ƙaramar na'urar da aka tafi da ita ba ta iya karanta abin da ya haura 65, har sai da aka riƙa surka jinin kafin ta karanta. A wajen ƙasa kuwa, iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ke aiki da ita a lokacin a wurin wasan yara ita ce miligiram 400 a kowane kilogiram, amma an sami wuraren da suka haura 100,000.

Asalin abin sananne ne. Farashin zinariya ya tashi bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, manoma suka shiga haƙo, aka kuma yi rashin sa'a dutsen da aka dace da shi yana maƙare da dalma. Ana kawo shi gida a farfasa, a niƙa a injin niƙan hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙura ta sauka a daɓe, yaro mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki.

Maganin da likitoci ke bayarwa yana janye dalma daga jini, amma ba ya da wani amfani idan yaro zai koma gidan da ya ɗauko ta. Saboda haka sai da aka fara gyara gidajen. Kamfanin TerraGraphics na Jihar Aidaho a Amurka, wanda ya ƙware a irin wannan aiki a yankin ma'adinai na Bunker Hill, shi ya tsara hanyar, mutanen gari suka yi aikin da fartanya da shebur da buhu. Inda dalma ta haura 1,000 akan kankare kimanin santimita 5 na saman ƙasa, a sake aunawa, a zuba sabuwar ƙasa mai kyau. Inda take tsakanin 400 da 1,000 akan rufe kawai. An fara da Dareta da 'Yargalma a 2010, aka bi da Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Sunke da Duza zuwa 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013. Rahoton da Simba Tirima da abokan aikinsa suka buga a 2016 ya nuna an kwashe ƙasa da tarkace fiye da kubik mita 27,000 daga gidaje 820 da wuraren sarrafa dutse, dalmar da ke cikin ƙasa ta ragu da kashi 89 cikin ɗari, kuma matsakaicin abin da ake samu a jinin yaran da ake aunawa don shiga magani ya sauko daga 149 zuwa 15.

Ba a raina irin wannan magana ta alƙaluma ba. Da ita ake matsa wa hukuma. A taron 2012 MSF ta fito fili ta nuna takaicinta cewa ministocin da abin ya shafa ba su halarta ba, kuma Naira miliyan 850 da aka yi alkawari ba su fito ba sai a farkon 2013, bayan matasa masu fafutika sun ɗauki maganar Bagega sun yayata ta. Sai dai alƙaluman an tsara su ne domin kunnen masani da mai riƙe da asusu.

3.0 Kalmomin da ke kan hanya

Gidan da aka kankare yau zai iya komawa yadda yake cikin 'yan watanni idan maigida ya sake shigo da buhun dutse, ko ya dawo daga wurin niƙa da tufafi masu ƙura ya ɗauki ɗansa. Ke nan sakamakon binciken yana da masu sauraro na biyu, kuma su ne ke riƙe da shi. Abin tambaya shi ne, da waɗanne kalmomi zai isa gare su?

A fara da dalma, ko darma a wasu kare-karen harshen. Tsohuwar kalma ce, tana cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934. Amma abin da Bahaushe ya sani da wannan suna ƙarfe ne mai nauyi mai taushi, wanda ake narkarwa a yi harsashi ko a liƙe wani abu da ya huje. Dutsen da mahaƙi ya fasa bai yi kama da wannan ba, ƙurarsa ma ba ta yi ba. Idan aka ce masa akwai dalma a tsakar gidansa, yana da hujjar dubawa ya ce bai gani ba. Wani abin lura kuma shi ne, ma'adinin da ya fi kowane ɗauke da dalma Bahaushe ya daɗe da saninsa, amma da wani suna dabam mai daraja, watau kwalli ko tozali, wanda ake ranɓaɗa wa jariri tun ranar suna. A 2011 an sami wani jariri a Boston ta Amurka da gubar dalma a jininsa, da aka auna kwallin da aka kawo masa daga Nijeriya aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari dalma ne. Harshen ya raba abu ɗaya gida biyu, ɗaya na maƙeri, ɗaya na kwalliya, babu kuma wanda ya zauna a rukunin abubuwan tsoro.

Sai guba. Gidajen rediyo sun riga sun kafa "gubar dalma", kuma ba abin da za a ce a sauya ba ne yanzu. Duk da haka kalmar tana tafe da kayanta. Guba a tunanin Bahaushe abu ne da ake ci ko a sha, ya yi aiki nan take, kuma sau da yawa akwai hannun maƙiyi a ciki. Dalma kuwa taruwa take yi a hankali, ta zauna a ƙashi shekara da shekaru, babba ya ɗauke ta yana yawo lafiya lau, yaro ya shiga amai da taune-taune. Su kansu ma'aikatan lafiya sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro suka fara zato. Mahaƙin da ya wuni cikin ƙura ya kwana lafiya zai yi wuya ya yarda cewa abin da bai taɓa shi ba shi ya kashe ɗansa, sai fa an ƙara masa bayanin da kalmar ita kaɗai ba ta ɗauke da shi. Haka kuma "ya warke" ba ta faɗin gaskiyar yaron da ya rayu amma ƙwaƙwalwarsa ta taɓu har abada.

Inda matsalar ta fi zurfi shi ne sunan aikin kansa. Kalmomi uku ne ke kusa: tsabta, da tsarki, da gurɓacewa, kuma duk ukun da ido ko hanci ko harshe ake hukunta su. Gurɓacewa tun asali ta ruwa ce, kamar kududdufin da shanu suka shiga suka tayar da laka, ana ganinta. "Tsabtace muhalli" kuwa, tun tsakiyar shekarun 1980 ta zama sunan sharar ƙarshen wata da yashe kwata, tana kuma tuno wa dattawa da duba-gari. Matar da aka ce wa ta tsabtace gida tsintsiya za ta ɗauka, busasshiyar shara kuwa tayar da ƙurar take yi ta watsa ta kan tabarma da kwanon abinci. Gidan da ya fi kowane sharewa zai iya fin kowane dalma.

Tsarki ya fi su nauyi, shi ya sa mai fassara kan yi sha'awar cewa "tsarkake ƙasa". Amma duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Ishmawi ko Risala ya san cewa ruwa yana nan a kan tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita ba. Ruwan rijiya zai iya cika waɗannan sharuɗɗa duka yana ɗauke da dalma. Daɗin daɗawa, ƙasa ita kanta abin yin tsarki ce, da ita ake taimama idan ruwa ya ɓace. Wanda ya ce wa dattijo ƙasar gidansa ba ta da tsarki ya jawo gardamar da ba ta cikin bincikensa, kuma dattijon ne zai yi nasara, domin a ma'anar da ya sani shi ke da gaskiya. Ya fi dacewa a bar wannan kalma a inda take, a faɗi aikin yadda yake: kwashe ƙasa mai guba, a binne ta, a zuba wata. Jimlar ta fi tsawo, ba ta kuma da kwarjinin kalmar ilmi, amma ba ta ɓatar da kowa.

Alƙaluma ma suna bukatar fassara. "Miligiram 400 a kilogiram" magana ce da ba ta sauka a ko'ina a zuciyar manomi. Idan aka ce a buhun ƙasa mai kilo ɗari, giram 40 kacal, abin da bai cika tafin hannu ba, ya isa a hana yaro wasa a wurin, kuma an sami inda kilo goma na buhun dalma ne, to an faɗi abu ɗaya da ma'aunin da yake ciniki da shi. Santimita 5 kuwa kaurin yatsu uku ne.

4.0 Abin da takardar ke binnewa

Mai karanta rahotannin Zamfara da idon nazarin al'ada zai lura cewa muhimman abubuwan da aka gano na tsarin gidan Bahaushe ne. Dutse ya shiga tsakar gida ne domin a nan mata suke aikinsu na neman kuɗi, ba sa fita. Turmin da aka daka dutse shi aka daka gero, kuma binciken da aka buga a 2018 ya nuna yawancin dalmar da ke cikin abinci bayan girbi ta shiga, wajen sussuka da daka da niƙa. Kududdufin da aka wanke dutse a cikinsa daga nan ake ɗebo laka a yi tubali. Shiga gida domin aunawa sai da izinin maigida da goyon bayan masarauta, kuma umurnin fitar da injinan niƙa bayan gari ta bakin sarakuna da hakimai ya sami karɓuwa. A takardar minti goma sha biyar duk wannan yakan taƙaita ne a layi ɗaya ko biyu ƙarƙashin bayanin hanyar bincike, mai fassarar da ya tsaya tsakanin injiniya da uwargida kuwa sai dai a gan shi a jerin godiya, in ma an tuna da shi.

Sassan Hausa na jami'o'i sun yi shekaru suna ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi na nahawu da adabi da kimiyya, amma galibi a kan tebur ake yin aikin, a jera kalmar Ingilishi a nemo mata kishiya. Ƙauyukan Anka da Bukkuyum wuri ne da aka riga aka gwada kalmomi a kan mutane na tsawon shekaru, a bakin ma'aikatan lafiya da masu shela da limamai da matan da suka yi jinyar 'ya'yansu. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin digiri na biyu a kai zai iya tattara yadda su waɗannan mutane ke kiran dutsen, da ƙurar, da ciwon, da na'urar aunawa, da ramin da aka binne ƙasar, ya kwatanta da abin da ke cikin takardun taron 2012 da na 2018. Masu shirya taro na gaba kuma babu abin da zai hana su neman kowane mai takarda ya haɗo tsakurensa da Hausa, a karanta wa wakilan garuruwan da aka gayyato, a ji inda za su tsayar da shi su ce ba su gane ba.