Durbi Takusheyi: Kaburburan da ke nuna Katsina ta daɗe tana ciniki da duniya

Kimanin kilomita 32 gabas da birnin Katsina, a ƙaramar hukumar Mani, akwai wasu tuddan ƙasa da baƙo zai iya wucewa bai waiwaya ba. Wurin shi ne Durbi Takusheyi, makabartar masu mulkin farko na ƙasar Katsina. Abubuwan da aka tono a cikinta sun nuna cewa fatauci ya haɗa yankin da Masar da Tekun Indiya tun kafin Bature ya taka ƙasar Hausa.

Jami'in mulkin mallaka Richmond Palmer ne ya fara haƙa wurin a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 wata tawaga ƙarƙashin Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth ta Jamus ta buɗe wasu kaburbura uku. Daga baya aka kai kayan gidan adana tarihi na Mainz domin gyara da bincike, aka dawo da su Najeriya a 2014.

Binciken ya nuna an yi binne-binnen tsakanin ƙarni na 13 zuwa na 16. Cikin kayan akwai 'yan kunne da zobe na zinariya, awarwaron hauren giwa, duwatsun wuya, kwanon tagulla ƙirar Gabas ta Tsakiya, da kuma wuri.

Wurin nan ne ya fi kowanne doguwar tafiya. Babu teku a Katsina, kuma irin wannan wuri daga Tekun Indiya yake fitowa, musamman tsibiran Maldives. Matafiyin nan Ibn Battuta ya zauna a tsibiran a shekarun 1340, ya ga yadda ake tara wuri ana sayarwa, daga baya kuma ya tarar ana ciniki da shi a Mali da Gao. Daga tsibiri zuwa jirgin ruwa, daga jirgi zuwa bayan raƙumi a Sahara, haka ya riƙa sauya hannu har ya iso Katsina.

A zamanin Durbi, wuri kayan ado ne na manya. Sai a ƙarni na 18 ya zama kuɗin kasuwa a ƙasar Hausa. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dala ɗaya ta azurfa. Har yau sawunsa na bakin kowa, domin kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce.

Darasin ya wuce Mani. Manomi a Bauranya, ko Kankia, ko Kusada, yana iya cin karo da katangar tukunya ko dutsen wuya yana huɗa, ko yana haƙar ƙasar gini. Idan aka ciro abu aka sayar wa dillali, an rasa sanin inda yake kwance da abin da ke kusa da shi, kuma da waɗannan ne masana ke gane shekarunsa. Doka ta ɗora kula da irin waɗannan kayan a kan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ke da gidan tarihi a Katsina. Wanda ya tsinci wani abu, ya bar shi a wurinsa, ya sanar da mai unguwa ko dagaci a kai rahoto can.