Tsakanin Sha-ka-fashe da Allurar Rage Ƙiba

A ƙasar Ƙonni, daga Bazaga har Malbaza da Illela, in amarya ta cika ta batse sai a ce ango ya iya kiwo. Namiji kuwa in ya ajiye tumbi, Alhaji ya samu. Ba na ganin laifin mutane. Jama'ar da ta ga yunwar 2005, wadda ta gallabi jihohin Tawa da Maraɗi, dole ta ji tsoron rama. Wannan tsoro ne masu tallar magani suke ci da shi, suna sayar wa mata sha-ka-fashe. Yawanci dexamethasone ne, ko cyproheptadine mai buɗe cin abinci. Na farkon yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana ɗaga suga da jini, yana cinye ƙashi. Kumburi ne ake saye da kuɗi.

Abincin ma ya canja. Inda a da fura da nono da tuwon gero ke riƙe magidanci a gona, yau shinkafa da mai, taliya, burodi da lemon kwalba sun shigo, miya kuma ba ta daɗi sai an zuba mata dunƙule kan dunƙule. Kabu-kabu ya karɓe tafiyar ƙafa. Ga shayin fada, na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne da nasa sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, sukari kuma kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, har da na cikin koko da lemo. Kwalbar lemo ɗaya ta kusa cinye wannan kason. Kitsen da ke taruwa a ciki shi ne mafi haɗari, domin yana hana sinadarin insulin aikinsa. Daga nan sai ciwon suga, hawan jini da shanyewar ɓarin jiki.

Yanzu kuma waya ta kawo labarin allurar rage ƙiba. Tana aiki kuwa? Tana yi. Semaglutide, wanda kamfanin Novo Nordisk na Danmak yake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy, yana kwaikwayon wani sinadari ne da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, sai mutum ya ƙoshi da wuri, abinci kuma ya daɗe a ciki. A gwajin da aka buga a 2021, kan mutum 1,961, waɗanda aka yi wa allurar duk mako sun zubar da kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68. Wani gwajin na 2023, kan masu ciwon zuciya fiye da 17,000, ya nuna raguwar bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne ƙarshen labarin. Waɗanda aka bi sawunsu bayan sun daina allurar, cikin shekara guda kashi biyu cikin uku na nauyin ya dawo. Wato magani ne na riƙo, ba na warkewa ba. Yana kawo tashin zuciya, amai, zawo ko taurin bayan gida, mai ciki ba ta amfani da shi, ana ajiye shi a firji, ga tsada. Manomin albasa a Galmi zai iya sayensa wata bayan wata, shekara da shekaru? Jabunsa ma ya fito, har Hukumar Lafiya ta yi gargaɗi a 2024 bayan an gano shi a Birazil, Ingila da Amurka. Shayin rage tumbi kuwa, a ƙasashe da dama an sha samun sibutramine a ɓoye cikin irinsa, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya.

Akwai wani bincike da ya fi dacewa da aljihunmu. A Amurka, a 2002, an buga sakamakon gwaji kan mutum 3,234 da suke gab da kamuwa da suga. Waɗanda suka gyara ci, suka yi tafiyar minti 150 a mako, da niyyar rage kashi 7 na nauyinsu, haɗarinsu ya ragu da kashi 58. Masu shan ƙwayar metformin nasu ya ragu da 31 kawai. Ga mai kilo 90, maganar kilo 6 ake yi. Wake, zogale, kuka, kuɓewa da geron da ba a surfe shi tas ba, duk suna kasuwarmu.

Mai son sanin matsayinsa ya auna tsawonsa da igiya, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa daidai saman cibiya. In ba ta haɗu ba, ya je asibiti a auna masa jini da suga. Wadda kuma ta daɗe tana shan dexamethasone kada ta yanke shi rana ɗaya, domin jiki ya rage yin nasa sinadarin, tana iya faɗuwa. Likita ne zai rage mata shi sannu a hankali.